Yadda ake koya wa ma'aikatan lafiya na karkara yin sikanin ga mai juna biyu

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai juna biyu sikanin sau ɗaya kafin cikinta ya kai mako 24, domin a san ainihin kwanakin cikin, a gano tagwaye da wuri, a kuma hango wasu matsalolin halitta. A birni wannan ba wani abu ba ne. A ƙauye kuwa, macen da za ta samu hoton nan sai ta kashe yini guda da kuɗin mota, wata ma sai jini ya ɓalle mata ake fara neman inda na'ura take. Ita na'urar yanzu ta ƙanƙance. Akwai irin su Butterfly iQ da Philips Lumify da ake jonawa da waya, akwai Vscan na kamfanin GE da ke shiga aljihu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da ya iya riƙe ta da idon da ya san abin da yake gani.

Kafin a shiga yadda ake koyarwa, akwai binciken da ya kamata duk mai shirya horo ya sani. An yi shi a ƙasashe 5, wato Kenya da Zambiya da Kwango da Pakistan da Guwatemala, aka wallafa sakamakonsa a 2018. An koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci sikanin, sun kuwa iya, hotunansu sun yi kyau. Amma mutuwar mata da jarirai ba ta ragu ba. Ganin matsala a allo bai kai mace asibiti ba, bai samar mata jini ko ɗakin tiyata ba. Saboda haka horon da muke bayani a nan an gina shi a kan ƙa'ida ɗaya: a koyar da abu kaɗan, a maimaita shi har hannu ya faɗa, kuma kowane abu da ɗaliba za ta gani a allo a ɗaure shi da matakin da za ta ɗauka a ranar.

Abin da ake gamawa kafin a tara ɗalibai

Fara da babban asibitin da za a riƙa tura mata. Ku je da ƙafarku ku zauna da likitan ɗakin haihuwa, ku ji ko suna tiyata dare da rana, ko suna da jini, ku karɓi lambar wayar da ake ɗauka da tsakar dare. Ku nuna musu takardar turawa da ɗalibanku za su riƙa rubutawa, don kada mace ta iso da ita a ce ba a san da zancen ba. Sannan a tsayar da maganar mota. A wasu jihohin arewacin Najeriya akwai tsarin da direbobin ƙungiyar NURTW ke kai mata masu naƙuda asibiti; inda babu, a zauna da mai unguwa a ware direba biyu ko uku da lambobinsu a manne a bangon ɗakin awo. A samu kuma izini a rubuce daga hukumar da ke kula da asibitocin, wanda ya fayyace abin da ma'aikaciyar za ta yi da inda aikinta ya tsaya.

Wajen zaɓen ɗalibai, a ɗauki waɗanda su ne ke yin awon ciki kullum, ungozomomin asibiti da jami'an lafiya na al'umma. Shugaban asibitin da ke ofis ba zai samu lokacin taɓa ciki ashirin a mako ba, kuma wannan sana'a da taɓawa take zama. A ɗauki mutum biyu daga kowane asibiti, domin idan aka horar da ɗaya aka yi mata canjin wurin aiki, na'ura ta koma cikin kwali ke nan. A yankunanmu mace ce ya fi dacewa ta riƙe wannan aiki, don mata da yawa ba za su buɗe mararsu gaban namiji ba, mazajensu ma ba za su bari ba.

Kada ɗalibai su wuce 4 a kan na'ura ɗaya da malami ɗaya. Idan sun kai 8, rabi kallo kawai za su yi su koma gida. Mako biyu ya isa zangon farko: awa ɗaya na karatu da safe, sauran yinin duk a bakin gado.

Kayan aiki

Kan na'urar, wato sashen da ake ɗorawa a kan ciki, wanda ake buƙata shi ne mai lanƙwasasshen baki, mai aiki tsakanin megahaz 2 zuwa 5, domin shi ke kai wa zurfin ciki. A koyar da irin na'urar da ɗaliba za ta tarar a asibitinta. Koyo a kan babbar na'urar asibitin koyarwa sannan a miƙa mata ta waya ɓata lokaci ne, maɓallan ba wuri ɗaya suke ba. A tanadi sola ko batirin ajiya, na'urar da ake jonawa da wutar gari kuma a sa mata sitabilaiza. Ƙananan na'urorin hannu suna ɗaukar zafi, a lokacin bazara sukan kashe kansu bayan an jima ana aiki, don haka a riƙa hutar da su tsakanin mace da mace. Ɗaki ya kasance mai labule mai kauri. Hasken rana a kan allo na sa ɗaliba ta yi ta ƙara hasken hoto har ya wanke.

Jel shi ne abin da ke fara ƙarewa. Idan ya yanke, a dama sitacin masara awo 1 da ruwa awo 10, a ɗora a wuta ana juyawa minti 3 zuwa 5 har ya yi kauri, a bar shi ya huce a zuba a tsabtatacciyar roba. Yana ba da hoto mai kyau, amma a yi amfani da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a kan lafiyayyar fata kawai. Man gyaɗa da man shafawa suna lalata robar bakin na'ura.

Kwana biyun farko

Kada a kawo mai ciki tukuna. A cika roba da ruwa, a jefa cokali, a sa ɗaliba ta nemo shi a allo. A ɗura ruwa a safar hannu ta asibiti a ɗaure, a nutsa ta, ta yanka yatsun a tsaye sannan a gicciye, ta ga yadda abu ɗaya yake fitowa dogo a wani juyin, zagaye a wani. Nan ne ake fahimtar cewa na'urar yanka guda siriri take nunawa, kamar yankan kabewa, kuma sai an tara yanka da yawa a kai kafin a san siffar abin. Ɗalibar da ba ta kama wannan ba za ta sha wuya a duk abin da zai biyo baya, saboda haka a daɗe a nan.

Daga nan ɗalibai su duba junansu: mafitsara cike, hanta, ƙoda. Su koyi cewa ruwa baƙi ne, ƙashi fari ne mai inuwa a ƙarƙashinsa, nama toka-toka, iskar hanji kuma tana dagula komai. Maɓalli huɗu kawai za su taɓa a wannan zango: na zurfi, na haske, na tsaida hoto, da na awo. Zurfi a fara shi daga santimita 14 zuwa 16 ga babban ciki, sannan a rage har abin da ake nema ya cika kashi biyu cikin uku na allo. Haske kuma a daidaita shi da fitsarin mafitsara: idan ya fito baƙi ƙirin, an yi daidai.

Kowane kan na'ura yana da alama a gefe ɗaya. Idan an ɗora shi a gicciye, alamar ta kalli damar mai ciki. Idan a tsaye ne, ta kalli wajen kan mai ciki. Kafin kowane aiki ɗaliba ta shafa jel ta taɓa gefen alamar da yatsa, ta ga ɓangaren allon da ya motsa. Wannan ɗabi'a ta daƙiƙa biyu ce, amma rashinta ne ke sa a rubuta mabiyiya tana ƙasa alhali tana sama. Riƙon kuwa kamar na alƙalami ne, a ƙasa kusa da baki, gefen tafin hannu a jingine da ciki. Sabuwar ɗaliba takan yi motsi uku a lokaci guda, ta zame, ta juya, ta karkata, sai hoton ya ɓace mata. A dafa hannunta a ce motsi ɗaya, a tsaya, a kalli allo.

Matakai shida a kan babban ciki

Daga rana ta uku ake shigo da masu ciki, waɗanda aka yi wa bayani suka yarda. Kada mace ɗaya ta wuce minti 30 a kwance, kuma malami ya duba ta da kansa a ƙarshe ya ba ta sakamako na gaskiya. Mai babban ciki idan ta daɗe a rigingine mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri da gumi da tashin zuciya su taso. A sa matashi ƙarƙashin ƙugunta na dama tun farko, in ta ce tana jin jiri a juya ta hagu nan take.

Tsarin da ya fi zama a kan ɗaliba shi ne na matakai shida da ISUOG, ƙungiyar duniya ta masana sikanin mata da masu ciki, ke koyarwa a horonta na farko. Amfaninsa shi ne ana bin sa a jere kowane lokaci, ko da an ga abin da ya ɗauke hankali a tsakiya.

Na farko, kwanciyar jariri. A ɗora kan na'ura a gicciye daidai saman ƙashin mara, a ɗan karkata shi ƙasa. Idan farin zagaye mai santsi ya bayyana, kai ne a ƙasa. Idan abu mai laushi marar wannan zagayen ne, a haura sama a nemo kan. In yana saman mahaifa jariri a zaune yake, in yana gefen ciki a gicciye yake. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar yankan cikin jariri a matsayin kai, don shi ma zagaye ne. Bambancin: kai yana da farin ƙoƙo mai kauri da layi a tsakiya, ciki kuwa yana da ɗigon ƙashin baya mai inuwa da baƙin tumbi. Kafin mako 36 zaman jariri ba abin tayar da hankali ba ne, yawancinsu suna juyawa, kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ne kawai ke kaiwa lokacin haihuwa a zaune. Daga mako 36, a zaune ko a gicciye, a tura.

Na biyu, bugun zuciya. Daga kai a bi jiki zuwa ƙirji. A ƙirga bugun da tsarin M na na'urar, wanda ke zana motsin zuciya a allo. Tsakanin 110 da 160 a minti shi ne daidai. Dofla, tsarin da ke fitar da sautin bugun, tana zuba ƙarfi mai yawa a wuri ɗaya, kada a yi amfani da ita a ƙaramin ciki don kawai uwa ta ji. A nuna wa ɗalibai lambar TI da ke gefen allo, mai nuna yiwuwar na'ura ta ɗumama nama, su riƙe ta ƙasa da 1.

Na uku, yawan jarirai, kuma nan ne sababbin hannu suka fi faɗuwa ta fuska biyu. Wata ta ga kai ɗaya ta gamsu ta tsaya, na biyun yana can sama bai shiga lissafi ba. Wata kuma ta ga kai ɗaya daga dama, ta karkata na'ura ta sake ganin sa daga hagu, ta yi wa mace albishir da tagwayen da babu su. Maganin duka biyun ɗaya ne. A riƙe kan na'ura a miƙe kamar an kafa shi daga rufin ɗaki zuwa ƙasa, ba tare da bin lanƙwasar ciki ba. A share, wato a zame da shi a hankali, daga mara zuwa saman mahaifa a layin dama, a sake a tsakiya, a sake a hagu, sannan a juya shi a tsaye a share daga gefe zuwa gefe. Kawuna ake ƙirgawa. Idan an ga biyu, a bi kowanne zuwa ƙashin bayansa da zuciyarsa, a yi ƙoƙarin haɗa sassan biyun a hoto ɗaya. Duk tagwaye a babban asibiti za a haife su, a faɗa wa uwa da mijinta tun ranar, su fara tanadi.

Na huɗu, mazaunin mabiyiya. Wannan ne matakin da ya fi kowanne ceton rai, a ba shi yini guda cur. Mabiyiya tana fitowa toka-toka mai laushi iri ɗaya, manne da bangon mahaifa, fuskarta mai kallon ruwa tana da santsi. A riƙe na'ura a tsaye a sauko daga sama zuwa ƙasa a layi uku har a same ta, sannan a bi ta zuwa inda ta ƙare ta ƙasa. Ƙarshen nan ake nema. A koma tsakiyar mara a nemo mafitsara, baƙin kusurwa a gefen allo. Bakin mahaifa yana bayanta. Idan kan jariri ya zauna kai tsaye a bayan mafitsara babu komai tsakaninsu, hanya a buɗe take. Idan akwai nama mai kauri tsakanin kai da bakin mahaifa, ko ƙarshen mabiyiya bai kai santimita 2 daga bakin ba, ta sauko.

Abu biyu ne ke yaudara a nan. Mafitsarar da ta cika fam tana matse ƙasan mahaifa ta sa a ga kamar mabiyiya ta rufe hanya. A sa mace ta rage fitsari a sake dubawa. Mahaifa kuma takan ɗaure a wuri ɗaya ta yi kauri kamar mabiyiya. A jira minti 20, in ɗaurewa ce za ta saki. Mabiyiyar da aka gani a ƙasa a mako 20 yawanci tana yin sama yayin da mahaifa ke girma, saboda haka a rubuta, a sake dubawa a mako 32, a gargaɗi mace ta zo da gaggawa idan ta ga jini ko ɗigo ne. In har a mako 32 tana nan, a tura. Macen da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa kuma mabiyiyarta ta zauna a gaba ta ƙasa, kan tabon, ita ba a jira da ita, domin mabiyiyar na iya cin bangon mahaifa, kuma sai asibitin da ke da jini da ƙwararren likita. A maimaita wa ɗalibai har su haddace: mai babban ciki da ke zubar da jini ba a sa mata yatsa kafin a san inda mabiyiya take.

Na biyar, ruwan mahaifa. A nemo aljihun ruwa mafi zurfi wanda babu igiyar cibiya ko hannu ko ƙafa a ciki, na'ura a miƙe, a auna daga sama zuwa ƙasa. Ƙasa da santimita 2 ya yi kaɗan, sama da 8 ya yi yawa, duka biyun a tura. Danna ciki da ƙarfi na rage awon.

Na shida, awon jariri, shi ne mafi wuya kuma shi ke cin mako na biyu. Wajen kai, a samu yankan da ƙoƙon ya fito kamar ƙwai, layin tsakiya a kwance ya raba shi gida biyu daidai, ga ɗan baƙin akwati a kan layin ta gaba, ga curi biyu masu duhu a bayansa. Idan ana ganin ramukan ido ko ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, an sauka ƙasa da yawa. Awon kewayen kai, wanda na'ura ke rubutawa HC, ana zagaya shi ne ta wajen ƙashi, ban da fata. Faɗin kai, BPD, wasu jadawalai daga waje zuwa ciki suke auna shi, wasu daga waje zuwa waje; a duba wanda ke cikin na'urar a tsayar da ɗalibai duka a kansa. Kewayen ciki, AC, yana son yanka zagaye mai tumbi da guntuwar jijiyar cibiya a cikin hanta, babu ƙoda babu zuciya. Ƙashin cinya, FL, a kwantar da shi a allo a ga bakinsa biyu, a auna farin ƙashin kawai. A bi shi daga ƙugu, domin wanda ya tsinci dogon ƙashi a hanya sau da yawa na dantse ne.

Lissafin kwanaki yana da doka da ya wajaba a kafe ta a bango. Awon da aka yi kafin mako 14 yana iya kuskurewa da kwana 5 zuwa 7 kawai, na tsakiyar ciki da kwana 10 zuwa 14, na bayan mako 28 kuwa har mako 3. Don haka hoton farko shi ke tsayar da ranar da ake sa ran haihuwa, kuma ba a sake ta. Ma'aikacin da ke canja ranar a duk zuwa yana ɓoye jaririn da ba ya girma, ya mai da shi ƙaramin ciki a takarda. Mata da yawa ba su riƙe ranar al'adarsu ta ƙarshe da watan Bature ba, amma za su ce ana saura kwana goma azumi, ko bayan babbar salla da mako guda. A ajiye kalandar Musulunci a ɗakin awo, a koya wa ɗalibai juya wannan zuwa kwanan wata su gwada da abin da na'ura ta bayar.

Ƙaramin ciki da zubar jini

A nan mafitsara cike ake so, ita ce tagar da ake leƙa mahaifa ta cikinta. Tambayar farko ita ce ko cikin yana cikin mahaifa. A ga baƙar jaka mai farin baki kewaye da naman mahaifa ta ko'ina, da ɗan zobe ko ɗan tayi a ciki. Tsawon tayin daga kai zuwa mazaunai, CRL, shi ake aunawa har ya kai milimita 84, daga nan a koma awon kai.

Mace mai gwajin fitsari da ya nuna ciki, mahaifa babu komai, ga ciwon mara: a ɗauka ciki ne a wajen mahaifa har sai likita ya ce ba shi ba ne. A duba bayan mahaifa, a kuma ɗora na'ura a haƙarƙarin dama a duba tsakanin hanta da ƙoda. Baƙin layi a wurin jini ne ya taru. A sa kanula, a ɗaura ruwa, a kira mota, a kira asibiti tun tana hanya. Mahaifar da ta cika da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma babu tayi ita ma ta likita ce.

Idan ba a ga bugun zuciya a ƙaramin ciki ta saman mara ba, ɗaliba ba ta da hurumin cewa ciki ya lalace. Wataƙila kwanakin ne ba su kai ba. A sake dubawa bayan kwana 7 zuwa 14, ko a tura. Babu maganin wankin ciki da za a bayar a kan hoton sabon hannu shi kaɗai. A babban ciki kuma a tsaya a kan ƙirji minti biyu cur, a kira abokiyar aiki ta gani da idonta kafin a furta komai.

Abin da ake faɗa wa mai ciki

A ware rabin yini ɗalibai su gwada wannan a junansu, ɗaya ta zama uwa. Fuskar ma'aikaciya ita mace ke kallo, shirun minti biyar kuma yana tsorata ta fiye da magana. A koya musu cewa tun farko, “Yaya, zan yi shiru in duba da kyau, in na gama zan nuna miki.” Su kuma riƙa faɗar iyakar aikinsu, cewa abu shida suka duba, ba su duba kowace gaɓa ba, don kada a haifi yaro da matsalar zuciya a ce sikanin ya ce lafiya lau.

Mace za ta zo ta ce cikinta ya kwanta shekara guda ko biyu. Abin da allo zai nuna ko dai mahaifa ce babu komai, ko ƙari, ko tayin da ya daɗe da mutuwa. Maganar tana taɓa aurenta da mutuncinta, saboda haka a faɗa mata ita kaɗai, a hankali, a nuna mata hoton, a tambaye ta wa take so a yi wa bayani, sannan a haɗa ta da likita.

Tambayar mace ce ko namiji kuwa kullum sai an yi ta. Shawararmu ita ce a cire ta daga aikin gaba ɗaya. Sabon hannu yana kuskure a nan, kuskure ɗaya kuma ya isa ya zubar da amanar asibiti a gari. Indiya ma tun 1994 ta haramta faɗar jinsin jariri saboda zubar da cikin 'ya'ya mata. Kuɗin hoto, in ana karɓa, a tsayar da shi a rubuta a ƙofa, kuma kada a bari ya zama kasuwar da ake kiran mace kowane wata.

Jarrabawa, da wata ukun da ke biye

A ranar ƙarshe kowace ɗaliba ta duba mata uku da ba ta taɓa gani ba, malami na tsaye bai ce uffan ba, yana cike takarda: ta gwada alama, ta bi matakan a jere, awonta bai kauce wa nasa da fiye da mako guda ba a tsakiyar ciki, ta yanke hukuncin turawa daidai. Wadda ta kuskure tagwaye ko mabiyiya ta maimaita, komai kyan awonta.

Cin wannan jarrabawa izinin ci gaba da koyo ne a ƙarƙashin kulawa. ISUOG na neman a yi wa masu ciki aƙalla 100 hoto ƙarƙashin ido kafin a ce mutum ya kammala matakin farko, mako biyu kuma ba zai ba da wannan ba. Saboda haka mako 12 na gaba, kowace mace da aka duba a ajiye hotonta bakwai: abin da ke saman mara, zuciya, ƙarshen mabiyiya da mafitsara a hoto ɗaya, aljihun ruwa, kai, ciki, cinya. A tura wa malami ta WhatsApp ko manhajar na'urar da lamba kawai, ba suna, ba fuska. Malami ya amsa cikin kwana biyu, amsar kuma ta zama takamaimiya, kamar “ƙoda ta fito a wannan yankan, ki ɗan haura sama.” Idan amsa ta fara jinkiri hotuna za su daina zuwa, don haka a sa wannan aiki cikin kasafin kuɗin horon tun farko, har da kuɗin data. Sau ɗaya a wata malami ya je asibitin a ranar awo ya tsaya a bayan ɗaliba, domin hoto ba ya nuna yadda take share ciki.

A buɗe rajista mai layi ɗaya ga kowace mace: lamba, mako, abin da aka gani, ko an tura, ko ta je, da yadda haihuwa ta kasance. Abubuwan ƙarshen nan ne ke nuna inda aikin ke yoyo. In mata goma aka tura uku suka je, a koma kan maganar mota da mazaje da kuɗi, a kira maigida a nuna masa hoton da idonsa. In an haifi tagwayen da rajista ta ce ɗaya ne, a koma mataki na uku da wannan ɗalibar. Bayan wata 6 a sake tara kowa na kwana biyu, a fi ba da ƙarfi ga masu duba mata kaɗan a mako, don su hannunsu ke fara sanyi.

Kula da na'urar ma a sa shi cikin jarrabawa. Bayan kowace mace a goge jel da ƙyalle mai laushi, a wanke bakin da ruwan sabulu, a shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta da kamfanin ya amince da shi. Wani sifirit ɗin yana busar da robar har ta tsage. Ba a dafa kan na'ura, ba a naɗe wayarsa da ƙarfi, ba a barin sa a bakin gado inda zai faɗo. Lokacin hunturu a rufe shi a jakarsa saboda ƙura. Kowace Litinin a ɗaga shi sama a bushe a kalli allo: fararen layukan da ke sama su tafi a jere daga gefe zuwa gefe. Baƙin zane da ya sauko ta cikinsu yana nufin wani sashe na bakin ya mutu, a ɗauki hotonsa a aika wa malami a ranar.